Ruwan Bayan Mastura

Mijina ya rasu a Ubayyid, cikin ƙasar Sudan, shekara uku bayan mun baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Na yi takaba a ɗakin wata Babarbariya mai man gyaɗa, da na fita na hau lori tare da masu zuwa tsintar auduga, aka sauke mu a Wad Haddad. Abin da na mallaka ran nan zane biyu ne, da ƙwarya, da takardar hanya mai hotona wadda na ɗinke a fata na rataya a wuya kamar laya. Ban san abin da aka rubuta a cikinta ba. Na dai san in babu ita ba a hawa jirgin ruwa a Sawakin.

Wad Haddad ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙar laka, babu dutse babu tudu. Muna kwana a bukkokin kara bakin magudanar ruwa, a nan muke sha, a nan jakuna ke sha. Da hantsi yatsu sun fashe da ƙayar auduga. Mai awo kuma yana danna buhu da gwiwa ta yadda ya ga dama, in kin yi magana ya ce, "Yalla, ya hajja," ya kira ta bayanki. Kowa hajja ce a bakinsu, ko ba ki taɓa ganin teku ba. Kisra ta hana ni sakat, gurasar nan tasu mai tsami siririya kamar ganye. Wata uku ina cinta ina tuna fura. Wata rana wata mata daga Gobir ta ba ni ɗan ƙullin daddawa, na ɓoye shi a gefen zane, ban sa a miya ba, sai dai in kwance in shinshina.

Ranar wata kasuwa na ji ganga, kiɗan gida sak. Na bi. An kafa rumfa ta tabarmi, an rufe ta ruf, wani mutum fari mai ƙaton rawani yana tsaye a kan akwati a bakin ƙofa. Alhaji Tanko ke nan. A gefensa wani ƙato baƙi mai tabo a leɓe, Jadalla, direban lorinsa, riƙe da bulalar fatar dorina yana tare mutane.

"Jama'ar Annabi, ku matso!" in ji Alhaji Tanko. "Shekara ɗari da sittin! Ita ta goyi Shehu yana jinjiri. Ita ta share mashi majina, ita ta ɗauke shi ranar da ya fara tatata. Wuta ba ta cin bayan da ya goyi waliyyi. Ku zo ku ga Inna Mai Goyo tun Allah bai karɓi abinsa ba!"

Ya kama sunan babban bawan Allah na ƙasarmu. Ni ba zan maimaita shi ba, don kada in haɗa shi da ƙazantar da ta biyo baya.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba. Mutanen da ke wurin, wasu kakanninsu suka baro Sakkwato da ƙafa ranar da Nasara suka ci ƙasar, wasu irina ne da hanya ta tsaya masu. Ka ce masu ga wadda ta taɓa Shehu da hannunta, ai ka gama da su. Na ga dattijo mai furfura yana kuka tun bai shiga ba. Ni ma na ba da girishina, kuɗin ƙofa, na shiga.

Tana zaune a kan angarib, gadon igiya, an lulluɓe ta da koren mayafi. Baƙa ce, ƙanƙanuwa, idanunta fari fat da yana. Bakinta ya lotsa ciki. Farcen hannunta sun yi tsawo har sun lanƙwashe. Alhaji Tanko ya taɓa ƙafarta da sanda, sai ta buɗe baki ta fara waƙar rarrashin jinjiri, muryar na rawa. Mata suka ɗau guɗa. Daga nan aka juya ta, wata yarinya ta sa hannu ƙarƙashin mayafin ta wanke mata baya a cikin tasa, aka ɗura ruwan a kwalabe. Mai neman haihuwa, mai ciwon ido, mai shari'a da maƙwabci, kowa ya saya.

Da zan fita na ce wa yarinyar, "Ruwan ga ya yi mata sanyi, ki ɗan ɗumama shi mana."

Alhaji Tanko ya waiwayo. "Baiwar Allah, bakin Sakkwato nake ji. Mi ne sunanki?"

"Ige."

"Inna Ige, ina kika nufa?"

Na faɗa masa. Ya yi salati, ya ce Allah ne ya haɗa mu. Yarinyar nan 'yar haya ce, gobe za ta koma gidansu, shi kuwa yana neman dattijuwa mai tsoron Allah, kuma mai irin harshena, don masu ziyara su ji. Daga nan za su zaga ƙauyukan kogi, su ƙare a Sawakin kafin watan aikin hajji. Zai sa ni a jirgi da hannunsa. In kawo takardata ya kai a buga mata hatimi a Sinnar.

Na ciro ta daga wuya na miƙa masa. Ba wanda ya tilasta ni.

Washegari da safe aka bar ni da ita in yi mata wanka. Uwata ungozoma ce, ni kuma na wanke gawa ta fi a ƙirga, saboda haka jikin mace ba ya yi mini ƙarya. Da na cire mayafin na ga macen da ba ta wuce saba'in ba. Cikinta ya nuna ta haihu. Na sa yatsa a bakinta don in wanke, ta yi ƙara: dasashin duk ramuka ne, wasu ba su ko rufe ba. Haƙoran ba zubewa suka yi ba, cire su aka yi. Ƙafafunta lafiyarsu lau, sai dai shatin igiya a idon sawu. Bayan kuwa, tun daga kafaɗa har kwankwaso tsofaffin tabon bulala ne sun hau juna, a samansu kuma fatar ta yi ja, ta saɓule a wuri biyu.

"Ke sabuwa ce," in ji ta, da Hausa mai kyau. "Hannunki da nauyi. Kina da taba?"

"Inna, shekarunki nawa?"

"Ɗari da sittin. Ba ki ji ba? Ko kunkuru da ya gaji." Ta tofar da yawu. "Kada ki ce mini Inna. Mastura suke ce mini."

A kwanakin da suka biyo na tsinci labarinta guntu-guntu. Daga duwatsun kudu da Rusairis aka kamo ta tana ƙarama. Ta yi gidaje huɗu. Na ƙarshe gidan wani Bahaushe ne mai fataucin raƙuma, a can ta koyi harshenmu. Hukuma ta daɗe da cewa babu bauta, amma ba wanda ya zo gidan ya faɗa. Da maigidan ya mutu, ta makance, magada suka rasa yadda za su yi da ita, Alhaji Tanko ya karɓe ta da buhun sukari. Haƙoranta goma sha ɗaya a lokacin. Jadalla ya zauna a ƙirjinta, aka cire su da filaya ta gyaran lori, a yini biyu.

"Tsohuwa mai ɗari da sittin ba ta cin ƙashi," in ji ta. "Haka ya ce."

Kowace safiya Alhaji Tanko yana yi mata darasi. Ya faɗi sunayen garuruwan Sakkwato ta maimaita, ya faɗi abin da Shehu ke so yana yaro, wai fura da zuma, ta maimaita. In ta yi kuskure Jadalla ya zuba mata bulala a tafin ƙafa, inda ba a gani. Kafin a buɗe rumfa a ɗura mata giyar dabino a baki don murya ta sake. Ni kuma in tsaya da tasa.

Na tsaya. A Wad Haddad na wanke bayan nan sau goma sha biyu a rana. A ƙauyukan Sinnar sau ashirin. Ina shafa mata man riɗi bayan an tashi, ina ce wa kaina saura wata huɗu a kai Sawakin. Da muka bi ta Sinnar na tambayi takardata, Alhaji Tanko ya ce mai hatimi ya tafi hutu.

A Dindir abin ya lalace. Ƙasar makiyaya ce, sun sayar da shanu, aljihu cike. Ranar farko wurin da ya saɓule ya fashe, ruwan tasa ya fito da ja-ja. Na tsorata, na ce yau asiri ya tonu. Alhaji Tanko ya leƙa tasar, ya ɗaga ta sama a gaban jama'a.

"Allahu Akbar! Kun gani? Albarka ce ta tsattsafo! Wanga ba irin na jiya ba ne, jama'a."

Aka yi ta turereniya har rumfa ta kusa faɗuwa. Da yamma ya jefo mini soson kabar dabino, mai kaushi, irin wanda ake goge tukunya da shi.

"Daga gobe da wanga za ki yi."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Naman mutum ne."

"Inna Ige, ke da za ki ɗakin Allah, ina ruwanki da bayan baiwa? Wata uku ya rage."

Kwana biyu na yi da soson nan. Na faɗa, don kada wani ya ɗauka ni ta kirki ce tun farko. Tana waƙar rarrashi, ina gurza, tana cije dasashi tsakanin baiti da baiti. Rana ta biyu da aka tashi ba ta zage ni ba, ita da ke zagina kullum. Wannan shirun ne ya hana ni cin abinci.

Rana ta uku na je kasuwa na sayo karkade, zoɓorodon nan da suke jiƙawa. Na ƙulla shi a tsumma na ɓoye cikin soson. Hannuna na ƙarƙashin mayafi, ba mai gani. In tsoma, in matse, in yi kamar ina gurza, ruwa ya fito ja. Mastura ta gane tun wanki na farko. Da aka tashi ta ce, "Ashe kina da kai. Na ɗauka kabewa ce a wuyanki."

Kwana tara muka samu. Bayan ya fara kamewa. Rana ta goma wata matar makiyayi ta kasa haƙuri ta kai gida, ta buɗe kwalbarta a nan bakin rumfa ta kurɓa. Ta lashe leɓe. Ta sake kurɓa.

"Da karkade!" ta ce da ƙarfi. "Wallahi karkade!"

Alhaji Tanko ya yi dariya ya ce albarka takan zo da ɗanɗano iri-iri, ya sa aka rufe rumfa don sallar azahar. Yana sakin tabarmar ƙofa Jadalla ya kama ni ta wuya ya buga da ƙasa. Ya zazzage soson, ƙullin ya faɗo. Ya ɗora hannuna na dama a kan ƙafar angarib, ya ɗauko ƙarfen tayar da lori. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Yatsu biyu, ga su nan, har yau ba sa lanƙwasuwa. Ya sa takalmi ya taka mini baki don kada in yi ihu, leɓena ya tsage.

Alhaji Tanko yana tsaye yana gyara rawani. Ya ciro takardata daga aljihu, ya riƙe ta a kan garwashin shayi har gefen fatar ya fara hayaƙi, sannan ya mayar.

"Saura ki sake," ya ce.

Da aka buɗe bayan la'asar Jadalla ne ya yi wankin da kansa, an ce wa mutane ɗanta ne na goyo. Ina kwance bayan tabarma ina ji. Ta yi baiti ɗaya na waƙar, daga nan ba waƙa ba ce. Mutanen waje suka ce Inna ta shiga halin waliyyai, suka ɗau salati.

Daga Dindir muka ƙetare kogi muka gangara Abu Hujar. A lorin tana kwance a cinyata, jikinta zafi kamar dutsen guga, bayan yana wari. Na san warin. In aka ƙara mako guda ana gurzar nan, gawa zan wanke.

"Mastura, in na samu hanya, za ki bi ni?"

"Da wace ƙafa? Da wane ido? Ke ma da wane hannu?" Ta gyara kai a cinyata. "Ki nemo mini taba dai."

Muka sauka a wani ƙauyen Hausawa kudu da garin, masu noman bakin kogi. Jikokin masu hijira ne, sun riƙe addini da ƙarfi, matan manyan gidaje ba sa fita. Kwana biyu maza na shiga rumfa, sai ga saƙo daga Hajiya Rabi, uwargidan umda, wato mai garin: matan kulle na roƙo a kai masu Inna cikin gida su ma su samu rabonsu.

Jadalla ya ce kada a yarda. Alhaji Tanko ya yi ta shafa gemu. Ya san gidan Bahaushe ba a shiga, shi da Jadalla a zaure za su tsaya. Amma ya kuma san a hannun matan kulle zinariya take. Ya dube ni.

"Da hagu za ki yi. Jadalla na bakin zaure, kunnensa na ji. Kin san abin da ke aljihuna."

"Na sani, Alhaji."

Aka ɗauki angarib ɗin har ƙofar ciki, mata huɗu suka karɓa. Tsakar gida cike, sun fi arba'in, an yi turare, an ci ado kamar ranar suna. Ana girkin sadaka a gefe, tukunyar kunu na tafasa. Hajiya Rabi, doguwa mai tsagar Gobir, ta durƙusa da kanta ta riƙe mini tasa.

Na tsaya da soson a hannun hagu. Na tuna Sawakin, na tuna mijina da ya ce in na isa in yi masa ɗawafi. Sannan na jefar da soson, na kama koren mayafin na fizge shi gaba ɗaya. Ya manne da ciwon, ya taho da fata. Mastura ta yi ƙara.

"Ku duba!" na ce. "Ku matso ku duba abin da kuke sha!"

Suka matso. Wata ta toshe hanci. Ƙudaje suka sauka. Na buɗe bakinta na nuna masu ramukan, na ɗaga ƙafarta na nuna shatin bulala, na ɗaga hannuna da ya kumbura kamar tulu. Hajiya Rabi ta ajiye tasar a hankali.

"Wa ya yi wannan?"

"Suna zaurenki, Hajiya, suna shan shayinki."

Jadalla ya ji ƙarar. Ya kira ni sau biyu, ban amsa ba. Da ɗan Hausa ne da ya tsaya ya aika. Shi kuwa sai ya bi ta gefe, ya sa kafaɗa ya banke dangar kara, ya faɗo tsakar gidan umda da bulala a hannu, mata ba lulluɓi.

Ya tsala wa ta farko a fuska. Ya ture biyu. Ya kama Mastura ta ƙafa ɗaya ya fizgo ta daga gadon, ya ja ta a ƙasa, a kan bayan nan, yana nufin inda ya fasa. Ta bar jan layi a kan turɓaya.

Ban san lokacin da taɓarya ta zo hannuna ba. Da hagu na ɗaga ta, na haɗa da gwiwar hannun dama, na sauke masa a damtse. Na ji ƙashi ya amsa. Ya sake ta ya juyo kaina, sai wata yarinya mai ciki ta sheƙa masa tukunyar kunun nan a wuya. Ya yi kuka irin na raƙumi. Daga nan ban iya ƙirga ba: muciya, itacen wuta, ƙarfen gasa kisra da zafinsa. Hajiya Rabi na tsaye tana cewa, "A gidana? A gidana?" tana dukansa da murfin tukunya. Ya rarrafa ya fita ta inda ya shigo, ya tarar da maza sun hauro daga bakin kogi da fartanya.

Da ba umda ya fito ba da sun kashe su, shi da Alhaji Tanko. Na leƙa ta danga na ga Alhaji Tanko ba rawani, kansa ya fashe, an cire masa gefen gemu, yana cewa, "Dukiyata ce! Saye na yi!"

Umda ya ce, "Sake faɗa da ƙarfi, ya zol, in kai ka markaz, ofishin gwamnati, ka faɗa gaban hukuma."

Bai sake ba. Aka ce su bar garin kafin la'asar. Na aika a karɓo mini takardata. Alhaji Tanko ya ciro ta, ya yage fatar da haƙori, ya yayyaga ta ƙanana a gaban kowa ya watsa a ƙarƙashin lori. Shi ya ja motar, Jadalla na kwance a baya. Ban sake ganinsu ba.

Na ɗauka an gama. Hajiya Rabi ta ba mu ɗaki, ta kira mai ɗori ya ɗaure mini yatsu, ta aiko da zuma da man shanu da farin ƙyalle. Mace ce mai alheri, Allah ya jiƙanta. Mastura na kwance rub da ciki, ba ta iya juyawa. Safe da yamma ina wanke ciwon da ruwan gishiri.

Kwana biyu na lura ƙyallen da na cire ba na samunsa. Na ajiye tasa a bakin ƙofa in zubar, in waiwaya in tarar da ita a bushe. Rana ta uku na kama wata tsohuwa tana juye ruwan gishirin a buta.

Na je wurin Hajiya Rabi. "Hajiya, ba ku ji abin da na ce ba? Ƙarya ce duka. Baiwa ce daga duwatsun kudu. Ba ta san inda Sakkwato take ba."

"Inna Ige, shi mugu ne, mun gani. Amma don mugu ya riƙe ta, ba shi ne ya sa ta zama ƙarya ba. Allah ne ya ƙwato ta ya kawo ta gidanmu."

"To zo ki tambaye ta."

Suka taru a ƙofar ɗakin. Hajiya Rabi ta durƙusa. "Inna, don Allah, da gaske ke kika goyi Shehu?"

Mastura ta ɗago kai daga tabarma. "Na goyi 'ya'yan iyayengijina, sun fi ashirin, duk 'yan banza. Na goyi nawa biyu, aka sayar da su. Ban san wani Shehu ba. Ku ba ni taba."

Sai na ji wata a baya ta ce, "Allahu Akbar. Kun ji tawali'u? Haka suke, ba sa so a sani."

Rana ta biyar na tafi rijiya. Na dawo na tarar da yarinyar nan da aka tsala wa bulala a fuska, shekararta bakwai da aure ba haihuwa. Tana durƙushe kan Mastura da jiƙaƙƙen tsumma, tana kuka, tana cewa, "Ki yafe mini, Inna, kaɗan zan ɗiba." Ta ɓamɓare ɓawon da na yi kwana biyar ina jira ya kama. Jini na bin haƙarƙari.

Na mare ta da hannun mai ɗori, ni na fi ta jin zafin. Ta fita da tsumman a ƙirji, ba ta sake shi ba. A zaure kuma na ji ana cewa mutanen ƙauyuka uku na tafe ranar Juma'a.

Da rana ta take, gari ya kwanta ƙailula, na ce, "Tashi, za mu tafi."

"Ina?"

"Inda ba a jin Hausa."

Na durƙusa, na ja ta ta hau bayana, ba ta fi buhun gero rabi ba. Na yafa zane daga ƙasan ciwon, amma yatsuna suka ƙi ɗaurewa. Na gwada sau uku.

"Kauce," in ji ta. "Mace har ta tsufa ba ta iya goyo ba." Ta zuro hannuwa ta ƙarƙashin hammatana, ta lalubo bakin zanen, ta ɗaure shi a ƙirjina tamau, da farcen nan nata. Muka fita ta inda Jadalla ya fasa danga, ba a gyara ba tukuna.

Na bi bakin kogi ina yin kudu. Ƙasa na ƙuna, na faɗi sau biyu, ta zage ni sau biyu. Gab da magariba muka iske wani tsoho Balarabe a gonar albasa, shi kaɗai da jakinsa. Bai san Hausa ba, bai taɓa jin sunan Shehu ba. Ya dubi bayanta, ya dubi hannuna, ya ce, "La hawla," ya nuna mana rumfarsa. Bai tambaye mu komai ba, ran nan ko bayan nan. Na riƙa yi masa cirar ciyawa da hagu, yana ba mu dawa da albasa. Shi ya yanke mata farce da wuƙar dashe. Shi ya kawo mata taba daga kasuwa, ta ce a duk ƙasar Sudan shi kaɗai ne ɗan halak.

Watan hajji ya zo ya wuce muna nan. Ban ga Sawakin ba, ban ga Makka ba, ɗawafin mijina yana wuyana har gobe. Wata biyar ciwon nan yana rufewa yana buɗewa, ita kuma kullum rub da ciki, har gwiwoyinta da haɓarta suka yi kanta.

Wata safiya bayan an ɗebe albasa, ina tankaɗe a bakin rumfa, ta kira ni.

"Ke, mai kabewa. Zo ki juya ni."

"In juya ki ina?"

"Rigingine mana. Ko shi ma sai na koya maki?"

Na duba bayan. Ya bushe, ya yi sheƙi, babu inda ke ruwa. Na shimfiɗa zanena na biyu a kan tabarma, na tallabe ta na kwantar a hankali, ina jira ta yi ƙara. Ta sauke kafaɗa ɗaya, ta sauke ɗayar. Ta miƙe ƙafafu. Ta buɗe hannuwa biyu a ƙasa, fararen idanun nan suna kallon rufin kara.

"Da zafi?" na ce.

"Rufe mini baki," in ji ta. "Kwance nake."